Ɗigon Kore a Hanyar Kasuwa

Zuwa ga ƙanwata Murjanatu, a Daura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da takarda na rubuto miki don wayata na farfasa ta da sanda.

Jiya Lahadi da hantsi muna kora shanu kasuwar Mai'adua, ɓarayi suka tare mu a kwarin gabas da rugarmu. Babura shida. Sun harbi maƙwabcinmu Ɗantsoho a wuya, ya faɗi a gabana yana shure-shure har ya daina. Baffa ya ƙi sakin igiyar bijiminsa, suka sare shi da adda a kafaɗa, ƙashi a waje. Da rawaninsa na ɗaure wurin, jini na bin hannuna.

Mutanen ƙauyen gaba sun rantse sun tura gargaɗi ta manhajar da kuka yi. Wayata na aljihu, ɗigon nan na manhajar kore shar, ko ƙara ba ta yi ba. Ke kika ce in dai kore ne, saƙo zai same ni. Faɗa mini abin da zan gaya wa matar Ɗantsoho.

Yayanki, Kalilu.

Zuwa ga abokin aikina Malam Saminu, a Katsina.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa daga asibiti, Baffa na kwance ba ya magana sosai.

Na duba saba, babbar kwamfutarmu mai raba saƙonni. Gargaɗin ya fita ƙarfe tara da minti huɗu. Wayoyi sha ɗaya sun samu, ta yayana Hamma Kalilu ba ta samu ba.

Ka tuna rigimarmu? Kai ka ce a yi tambaya-da-jira: waya ta tambayi saba ko da labari, saba ta riƙe tambayar har labari ya zo ko lokaci ya cika, sai waya ta sake tambaya. Na yi maka dariya, na ce aikin tsofaffi ne, cin data da batir. Na dage a buɗe layi ɗaya, websoket, saƙo ya faɗo nan take. A ofis na gwada, kafin ƙiftawar ido ya iso. Ban taɓa kai shi bakin iyaka ba. A can waya takan tsallaka sabis ɗin Nijar ta dawo, layin ya mutu shiru, ni kuma ban sa abin da zai duba ko yana raye ba.

Ni na kashe mutumin nan, Malam.

Na gode, Murjanatu.

Malama Murjanatu,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baffa lafiya, ya ji ƙan wanda ya rasu.

Mai bindiga ne ya kashe shi. Amma ba zan ce miki ba mu da laifi ba, ni ma na sa hannu a aikin. Websoket ya fi sauri, ya kuma fi sauƙi ga saba, inda sabis ke tsaye. Jiya na hau babur na zaga bayan Kongolam, can bakin iyaka, da wayoyi biyu, ɗaya da tsarinki, ɗaya da nawa. Taki ta mutu sau bakwai tana nuna kore. Tawa takan makara da daƙiƙa arba'in, amma duk yankewa sai ta sake tambaya, saƙon kuma ya iso.

Na haɗa tsarin biyu. Layi na yin shiru, ɗigo zai koma ja, waya ta koma tambaya. Ki bar kuka ki kai wa yayanki sabuwar waya, Lahadi za su sake bin kwarin nan.

Ki huta lafiya. Saminu.

Murjanatu,

Assalamu alaikum. Wayar da kika bari ban yi niyyar taɓa ta ba. Baffa ne, kafin ya cika, ya ce in ɗauka, ya ce ƴarsa ba za ta yi masa ƙarya sau biyu ba.

Jiya ta yi ƙara kafin mu gangara kwari. Muka juya da shanu. Daga kan tudu muna hango baburansu a gindin ƙirya, suna jira. Mu goma sha huɗu ne, duk mun kwana gida.

Tun da muka kai Baffa makwancinsa ranar Juma'a kika koma Daura ba sallama. Ki dawo a yi zaman makoki da ke, Inna na ta tambaya. Matar Ɗantsoho kuma na je na gaya mata da kaina.

Yayanki, Kalilu.