Motar Gawarmu Da Batir Biyun Da Ba Su Da Laifi

Zuwa ga Ciyaman na ƙungiyar masu gyaran wayar mota, Suame Magazin, Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da jama'a. Sunana Iddirisu, ni nake tuƙa motar gawa ta masallacinmu a Zango shekara goma sha tara, ba a biyana, ban kuma taɓa nema ba. Sau biyu na zo ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Bayan Babbar Salla motar ta fara gardamar tashi. In na murɗa makulli sai ta ce ƙas, ta yi shiru. Na kai ta wurin Masta Isifu, ɗan ƙungiyarka. Ko mita bai ɗauko ba. Ya goga waya a kan batir, ya ga tartsatsin bai yi masa ba, ya ce batir ya mutu. Jama'a suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, har tsofaffin mata masu koko suka kwance bakin zane, aka sayi sabo. Kwana tara ta koma gidan jiya. Ya ce wannan jabu ne, aka canza wani.

Na biyu. Da abin ya ƙi, na je wurin Masta Kwabena, shi ma ɗan ƙungiyarka. Shi ya sa mita, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya daɗe yana kallo. Sai ya tambaye ni wa ya fara dubawa. Ina ambaton Masta Isifu ya rufe bonet, ya ce tunda Masta ya ce batir ne, batir ne.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Ranar Talata aka yi wa Baba Salifu, ladaninmu, salla da azahar. Aka sa makara a mota, jama'a suka cika titi, na murɗa makulli. Ƙas. Na sake, ƙas. Ranka ya daɗe, tura motar aka yi da gawa a ciki, dattawa da manyan riguna suna haki, masu tasi suna matsa mana oda. Ta tashi, ta sake mutuwa kafin mu kai maƙabartar Tafo. A bayan motar da ke ɗaukar doya aka ƙarasa da mutumin da ya yi shekara arba'in yana kiran salla. Ina riƙe da sitiyari ina kuka kamar mace mai takaba.

Washegari maƙwabcina mai gyaran rediyo ya duba. Wayar da ta haɗa batir da jikin mota ce tsatsa ta cinye, saura sili uku. Ya canza ta kafin shayinsa ya huce. Na koma wa Masta Kwabena da guntun wayar a hannu. Bai musa ba. Ya ce ya gan ta tun ranar, amma Masta Isifu ne ya yaye shi, kuma a wurinku yaro ba ya ƙaryata mastansa ko da ya yi furfura. Haba! Ladabi ne wannan? To mu da gawarmu fa?

Yanzu a Zango cewa ake na sayar da sabon batir na sa tsoho. 'Ya'yan Baba Salifu ba sa amsa gaisuwata. Kwamitin masallaci ya karɓi makulli, ranar Juma'a za su zauna a kaina.

Ba kuɗi nake nema ba. Ina roƙo ka sa waɗannan mutum biyu su zo masallaci kafin Juma'a su faɗa da bakinsu abin da ya lalace. In kunya ta hana su, ka rubuto da hatiminka a karanta. Sannan ka gaya wa 'yan ƙungiyarka su riƙa aunawa kafin su yanke hukunci, wanda ya ga kuskuren mastansa kuma ya ja shi gefe ya faɗa masa.

Na haura sittin, ba wani abu na tara ba sai wannan suna. In an raba ni da makullin a kan sata, da sunan ɓarawo za a binne ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci. Ranar da za a ɗauke ni ko kai, Allah ya sa motar ta tashi ba sai an tura ba.

Wassalam.

Iddirisu Direba,
Zangon Kumasi.