Aiken Baffa Hammadu

Boɗinga, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Nana Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara, da matan da ke kawo miki madara. Na ba Ɗanjuma direban motarku wannan takarda, tunda kin ce maganar waya iska ke kwashe ta.

Albishirinki. Kamfani ya ba ni riƙon reshen Boɗinga. Sayen albasa daga manoman fadama, shanya, tantancewa, ajiya a sito, lodi zuwa Kudu, duk sun dawo wuyana. Na yi murna, amma murnar ta zo da ƙashi a ciki. Baffa Hammadu yanzu a ƙarƙashina yake. Aminin mahaifinmu, wanda ya riƙo hannuna ya kawo ni wurin nan, ya koya mini aikin. Kullum da safe sai na durƙusa na gaishe shi kamar yadda muka taso muna yi. To da wane baki zan miƙe daga durƙuson in ce masa, "Je ka Danchadi ka duba kaya"?

Amma na samo dabara. Na sa an ajiye masa kujera mai kyau a inuwar dogon yaron da ke bakin sito, ana kai masa shayi. Zuwa ƙauyuka da yake yi, ni na karɓe. Ya sha rana shekara da shekaru, lokacin hutunsa ya yi. Ina ganin ko Baba yana raye zai sa mini albarka.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Maniru

Shagari, ranar Laraba

Zuwa ga Auta, wanda ya zama Manaja,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau. Allah ya sanya albarka, ya taya ka riƙo. Na yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Sai dai dabarar taka ban ga kanta ba. Tambaya nake yi, ba faɗa ba: in kana bisa babur tsakanin Danchadi da fadama, wa ke zaune a ofis? Kuma shi Baffa, ya ce maka ya gaji ne, ko kai ka gaji a madadinsa?

Ni nan rabin matan da nake shugabanta sun haife ni. Inna Saratu ta goya ni a bayanta ina jaririya. In ta kawo madarar da ta fara tsami, nakan gaishe ta har ƙasa, in tambayi shanu da jikoki, sannan in mayar mata da ƙwaryarta. Takan yi mita har bakin titi, gobe kuma ita ce ta farko a layi. Ka kula kada garin neman gira ka rasa ido.

Ka riƙa cin abinci. Ɗanjuma ya ce ka zama kamar karan dawa.

Yayarka,
Nana Hauwa

Boɗinga, ranar Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da shiruna na makonnin nan, aiki ne ya sha kaina. Ina dawowa daga ƙauye in tarar an kira daga babban ofis na Sakkwato ba a same ni ba, masu lodi kuma sun zauna suna jiran wanda zai ce musu su fara.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Jiya bayan sallar Juma'a Baffa ya kira ni gefe, ya ce, "Maniru, in ruwan hwari ya sauka, ni koma gona. Ka nemi wani." Na ce, Baffa, wani ya ɓata maka rai ne? Ya ce, "Babu wanda yaɓ ɓata min. Allah shi yi ma albarka." Ya gyara hularsa ya tafi.

Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro. Ban san laifin da na yi ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban taɓa sa shi ko ɗaukar tsinke ba. In ya tafi, garin nan kaf za a ce ɗan Abdullahi ya samu kujera ya kori aminin ubansa. Ko ba a faɗa ba ma, ba na son in shigo da safe in ga babu shi.

Don Allah ki zo ki ba shi baki. Yana jin maganarki.

Naki,
Maniru

Shagari, ranar Talata

Auta,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, kuma ba zan zo ba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Shekaranjiya na je suna Lambara, na haɗu da Inna Hajo, matar Baffa. Ban tambaye ta komai ba, ita ta ja ni bayan rumbu. Ta ce, "Ɗiyata, mi Malam yay yi ma ƙanenki? Shina hita da riga fes, shi dawo da ita fes. Da can sai na wanke warin albasa da toka. Yanzu mutane na tare shi masallaci suna mishi sannu da jiki." Ta ce manoman Danchadi har aike suka yi a tambayo ko ciwo ne ya kwantar da shi. Ta ce ya daina ba da labarin wurin aiki in ana cin tuwo, don ba shi da abin faɗi.

Ka gani? Kai kana ganin hutu ka ba shi, shi kuwa gani yake ka zaunar da shi a bakin ƙofa don kowa ya shaida ya ƙare. Kunya ta hana ka aike shi, kunya ta hana shi tambayarka dalili. Ku biyun kun yi ta girmama juna har kuna shirin rabuwa.

In na zo na roƙe shi zai zauna don darajar Baba, ya ci gaba da shan shayi yana ƙuna a ciki. Abin da yake bukata ba ya hannuna. Ka gaishe shi a durƙushe kamar kullum, wannan haƙƙinsa ne. In ka miƙe, ka ba shi aiki sosai, mai wahala, a gaban sauran ma'aikata, kuma ka faɗi ranar da kake son a gama. In ya yi daidai ka yaba. In ya kuskure ka gaya masa. Na san wannan na ƙarshen ne zai fi yi maka nauyi.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayarka,
Nana Hauwa

Boɗinga, ranar Litinin

Yaya,

Bayan gaisuwa, na yi yadda kika ce. Na tara ma'aikata da safe, na ce, "Baffa, kayan Danchadi duka na bar maka. Ina son su shigo sito kafin Alhamis, kuma kada a karɓi albasar da wuyanta bai bushe ba." Ya dube ni, ya ce, "To." Ya karɓi makullin babur.

Bai ce ya fasa tafiya ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Ki sa mu a addu'a.

Maniru

Boɗinga, ranar Juma'a

Zuwa ga ɗiyata Nana Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da jikokina.

Ƙarar ƙanenki nika kawowa. Cikin kayan da nik kawo daga Danchadi akwai na wani tsohon abokina da bai gama bushewa ba. Ya roƙe ni, na ji nauyinai, na amsa. Manaja ya gani. Ya kira ni ohis, ya ruhe ƙohwa, ya durƙusa ya gaishe ni. Sannan ya hau kujeratai ya yi min hwaɗa, hwaɗa na sosai, har ya ce in maida kayan da kaina. Idonai cike da hawaye, amma bai rage ko kalma guda ba.

Na maida su. Rana ta gasa ni ƙwarai, na dawo gida na ci tuwo har da ƙari.

Ruwa ya sauka jiya. Na ce ma Sha'aibu ɗan ƙanena shi shuka gonar bana, ni ba ni da lokaci. Manaja ya ce Litinin in kasance fadama tun da sahe.

Allah shi yi muku albarka.

Baffanku,
Hammadu