Abin da Kika Shuka a Bakin Tafkinmu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, uwar 'ya'yana, kuma abokiyar faɗana ta shekara ashirin da shida,

Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda baki ba ya iya ɗauka sai takarda. Da hantsi nake rubuto miki daga gadon asibitin ido, bayan kin tafi gida ba shuke-shukenki ruwa. Gobe da safe za a shiga da ni tiyata. Ki dubi Allah kar ki yi wa rubutun nan dariya, Malama! Na san layukan suna hawa kan juna, haruffan kuma manya-manya kamar na 'yan ajinki na ɗaya, kuma na san hannunki zai yi ƙaiƙayin jan biro. Na ƙi yarda kowa ya rubuta mini, domin maganar tsakanina da ke ce, kuma ban sani ba ko bayan gobe zan sake ganin takarda.

Kin tuna ranar da na gama ɗan tafkin bayan gida? Da hannuna na haƙa shi, na zuba siminti, na haɗa masa bencin ƙarfe a shagona na walda, muka saki kifaye bakwai kina ta yi musu suna. Tun muna ɗaki ɗaya a gidan haya na yi miki alkawarin jan furen wardi kewaye da ruwa. Sau uku ina sayo wardi, sau uku suna miƙewa sirara ba fure, su yi rawaya, su mutu, saboda mangwaron nan ya rufe wurin ruf, rana ba ta sauka ƙasa sai na awa biyu. Raina ya ɓaci, na rantse sai na sare shi, har na tsayar da Asabar da mai injin yankan itace. Sai ga ki kin jingina da bishiyar, kin naɗe hannu, kin ce sai dai a fara da ke. Kwana uku muna gaisuwar maƙwabta a gida ɗaya.

Daga nan kika dawo da mota cike da dashe, kore shar, ba ja ko ɗaya. Na tsaya a ƙofar kicin ina yi miki tsiya, na ce na yi alkawarin lambu an kawo mini daji. Kika ɗaure zani, kika durƙusa, kina aunawa da taku, ki dasa wannan, ki tuge wancan ki matsar da shi. Kaico, da na san abin da kike aunawa!

To ga abin da na ɓoye miki, ko in ce na zaci na ɓoye. Shekara talatin ina kallon wutar walda, rabinsu ba gilashi, wai ni gwani, in runtse ido in kau da kai ya isa. Wata takwas da suka wuce likita ya gaya mini idanun sun gaji, haske kuma yana ƙara musu ciwo. Na yi ta maza. Na ce miki ciwon kai ne. Na zuba shayi a gefen kofi na ce tebur ne ya karkace. Ranar da na yi wa doguwar rigarki sallama a kan igiyar shanya, na ce wasa nake. Kika yi dariya, ashe dariyar rufa mini asiri ce. Sai da aka tsayar da ranar tiyata na buɗe baki, kika ce Allah Ya ba da sa'a, kika shiga haɗa mini jaka, har na ji haushin rashin firgitarki.

Makon jiya na lallaɓa wurin tsohuwar nan mai sayar da dashe, in sayo wardi karo na huɗu, don ina so in cika alkawari tun ina gani. Tana jin muryata da kwatancen gidan ta ce ai ta san ni, ni ne mai taurin kan nan. Ta zaunar da ni a kan bokiti ta zayyane mini komai. Wai da takarda kika zo mata, kamar mai ba da jarrabawa. Shukar ta zama mai jure inuwa, don bishiyar ba za ta je ko'ina ba. Kada ta zama mai ƙaya, ko ƙwaya ɗaya. Ta yi duhun ganye, ta kai gwiwa zuwa ƙugu, yadda mai tafiya zai ci karo da ita kafin ya kai ruwa. Kada ta riƙa zubar da ganye a tafki ta kashe kifi, kada saiwarta ta fasa siminti. In da fure, ya zama fari, don fari ne ido mai rauni yake riƙewa. Kuma kowace kusurwa da ƙamshinta daban. Ta ce kin yi kusan awa biyu kina zagaya gandun dashenta ido a rufe, kina shafa ganye, kina shinshina, har ta zaci ba ki da lafiya. Da ta tambaye ki don wa, kika ce don wani mutum ne da yake zaton ba ki sani ba.

Ni da ko a jana'izar babana ban yi kuka a gaban mutane ba, sai ga ni ina share fuska da hula a gaban tsohuwa.

Ya rabin raina, da wane baki zan gode miki? Wace irin mace ce take ganin mijinta yana laluben kofi, ta haɗiye tsoronta, ta bar masa girmansa, ta tafi ta shuka masa hanya? Ni ina faɗa da inuwa, ke kina tanada mini ita! Ni ina neman ƙaya in kewaye ruwa da ita, ke kina cire ta daga gabana! Kin sha tsiyata, kin sha fushina, ba ki taɓa ce mini ka gani ba. Ki yafe mini ɓoyon da na yi. Tsoro ne, ba raini ba. Na ji tsoron ranar da za ki dube ni ki ga kaya, ba miji ba.

Ran nan da kina makaranta na gwada aikinki. Na tsaya a ƙofar kicin na rufe ido. Taku goma sha ɗaya, ƙamshin furen gadeniya ya tare ni. Na juya hagu, mai faɗin ganyen nan ta shafi gwiwata daidai inda ruwan ya fi zurfi. Taku shida, sai ƙamshin furen yasmin, sai ga benci a ƙarƙashin hannuna. Wuri ɗaya tak kika bari a buɗe, daidai gaban bencin, inda nake watsa wa kifi abinci. Ko sau ɗaya ban yi tuntuɓe ba. Da zan ba ki maki, ɗari bisa ɗari ne, Malama.

Likita ya ce yana sa ran ceto idon dama, na hagu kuwa sai yadda Allah Ya yi. Na yi miki alkawari, kuma wannan ba irin na wardi ba ne: muddin ina numfashi, ƙarfe ba zai taɓa mangwaron nan ba. Af, wardin ma na sayo guda ɗaya, yana cikin tukunya a bayan shago. Ki ɗauko shi ki ajiye a ƙofar gida inda rana take, ya yi miki ja a inda ya dace da shi.

Idan aka kwance bandeji na gani, fuskarki nake so ta fara shiga, fararen furannin su biyo baya. Idan kuma ban gani ba, alhamdu lillahi, na riga na ƙoshi da kallonki. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da muka koma gida, kada ki riƙe mini hannu daga ƙofar kicin. Ki riga ni zuwa, ki zauna a wurinki na dama, ki yi shiru. Zan same ki.

Naki jiya, naki yau, naki ko da ido ko babu,
Mai taurin kanki.