Batirin yana kan amalanke

Lahadi da dare, Funtuwa.

An rufe gasar masu rediyon oba-oba ta duniya ba da ni ba. Tun da hanyar ƙauyenmu ta daina biyuwa, ta kwamfuta nake sarrafa na'urar da na kafa a gidan Kawu Isa. Ina cikin musayar lamba da wani mutumin Japan komai ya ɗauke. Na kira Kawu.

"Ni na cire batirin, ɗana. Yana kan amalanke. 'Yan bindiga sun aiko, gobe muke tashi. Kai da ake jinka har Japan, ka gaya musu."

Na ce to. Ban gaya masa ba cewa a gasar lamba kawai ake faɗa, sai a wuce ga na gaba.