In Biyu Ya Saura, Bungudu

Sabon Gari, Gusau
6 ga Rajab

Zuwa ga Gwaggona Hanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Luba da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau. Inna ma da sauƙi, gwiwar ce dai ke matsa mata. Ta ce in gaishe ki, kuma ki tanadar mata daddawa kafin ta iso wajenki watan gobe.

Na san waya ba ta yi miki daɗi tun da kunnen nan ya soma gardama, shi ya sa na ba Buba direba wannan takarda. Ke kika koya mini lissafi a aji uku, don haka ke ya kamata ki fara jin abin da nake koyo yanzu.

Gwaggo, an soma koya mana rubuta wa kwamfuta umarni. Makon nan Malam Mannir ya kawo mu kan wani abu da ake kira fankshin. Ɗan guntun umarni ne da za ki rubuta sau ɗaya ki raɗa masa suna. Daga nan duk sanda kika kira sunan kika miƙa masa abu, sai ya yi aiki a kai ya dawo miki da amsa. Kamar injin niƙan bakin kasuwarku ne, ki zuba gero ta sama ki tari gari ta ƙasa.

Malam ya ce kowa ya rubuta nasa a kan wani abu na gidansu. 'Yan ajinmu duk sun tafi kan maki da shekarun haihuwa, ni kuwa sai na tuna da Inna. Kin san tsarin da Baba ya yi shekara shida da suka wuce, bayan rasuwar kakanmu: Inna ta riƙa yin wata ɗaya a gidan kowane ɗa, bisa girma. Wata ɗaya nan Gusau wajen Baba, wata ɗaya wajenki a Bungudu, wata ɗaya Tsafe wajen Baffa Sama'ila, sannan a sake zagayowa. Da Muharram aka fara.

Na sa wa nawa suna ina_inna. Lambar wata kawai yake so. Zai raba ta da uku ya dubi abin da ya saura. In ɗaya ya saura, Gusau. In biyu, Bungudu. In babu saura, Tsafe. Na ba shi bakwai, wato Rajab, ya ce Gusau. Na leƙa tsakar gida, ga Inna kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Wallahi sai da na yi tsalle!

Amma fa na sha wuya kafin nan. Kwana biyu yana yi mini shiru. Ashe na manta layin ƙarshe, wanda ke ce masa ya dawo da amsa. Ya gama lissafinsa tsaf, ya riƙe a cikinsa, don ban ce ya faɗa ba.

Gwaggo, shekara uku rabonki da gidanmu. Ban san dalili ba, kuma in na tambayi Baba sai ya ce hidima ce ta yi miki yawa. Ina kewarki ƙwarai.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Fiddausi

Bungudu
10 ga Rajab

Fiddausi ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Rubutunki ya lalace tun da kika koma danna maɓalli, amma bayaninki ya fita, Allah Ya yi miki albarka.

Abin nan ya shiga raina. Shekara talatin ina gaban allo ina fama da yara kan raba lamba da abin da ya saura, ban taɓa zaton akwai ranar da saura zai nuna inda tsohuwa take kwana ba. Ina da tambayoyi. In kin ba shi goma sha uku, me zai ce, tun da babu wata na sha uku? Zai gane kin yi shirme ko zai amsa miki kawai? Kuma in kin kashe kwamfutar, yana manta Inna ne, ko yana nan yana jiranki?

Sai tambaya ta ƙarshe, kuma ita nake so ki fi ba muhimmanci. Ki tambayar mini shi wace shekara ce Inna za ta yi azumi ko sallah a gidana. Kada ki ce wa babanki, Yaya Haliru, ni na tambaya.

Ki gaida Inna, ki ce daddawa na nan. Ki gaida mamanki.

Gwaggonki, Hanatu

Sabon Gari, Gusau
13 ga Rajab

Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Zan fara da masu sauƙin. Na ba shi sha uku, ya ce Gusau, ko kunya babu. Ba ya gane shirme sai wanda aka gargaɗe shi a kai. Yanzu na ƙara masa layi, in lamba ta wuce sha biyu ya ce babu wannan wata. In an kashe kwamfuta kuma yana nan a ajiye, kamar takarda a cikin akwati.

Tambayarki ta ƙarshe ce ta hana ni sukuni. Na zauna zan ba shi shekara, sai na ga babu inda zan zuba ta. Ƙofa ɗaya na yi masa, ta wata. Na ɗauka kuskurena ne, na kai wa Malam Mannir. Ya duba ya ce, “Fankshin ɗinki daidai yake. Bai nemi shekara ba saboda a tsarin gidanku shekara ba ta canza komai. Je ki jera watannin ki gani.”

Na jera. Tsafe na da uku, shida, tara da sha biyu, wato Mauludi, azumi da babbar sallah. Mu muna da ɗaya, huɗu, bakwai da goma, ƙaramar sallah ke nan, shi ya sa kullum Baba ke ɗauko ta ranar jajibere. Ke kuma Safar, Jimada Ula, Sha'aban da Zulƙida. Uku tana raba sha biyu ba saura, saboda haka kowace shekara a kan Gusau take farawa, a kan Tsafe take ƙarewa.

Amsar ita ce babu, Gwaggo. Ko shekara ɗari za a yi a haka, Inna ba za ta yi azumi ko sallah a Bungudu ba. Na yi ta sake gwadawa ko zai canza magana, bai canza ba. Raina ya ɓaci sosai, har na kasa cin abincin rana.

Shin dalilin ke nan da kika daina zuwa?

Taki, Fiddausi

Bungudu
3 ga Sha'aban

Ɗiyata Fiddausi,

Sallama da gaisuwa. Na yi jinkirin amsa, ki yi haƙuri. Inna ta iso shekaranjiya, ta rame fiye da yadda na zata.

Eh, dalilin ke nan. Shekara shida ni ke wanke mata tufafin azumi a Sha'aban in ɗora ta a mota. A Zulƙida ni ke yi mata kitson sallah in sa mata lalle, mutanen Tsafe su sha kallo. Shekarar farko na ce sa'a ce ban yi ba. Ta biyu na ce baɗi. A ta uku na yanke cewa 'yan'uwana maza sun zauna sun raba watanni masu albarka a tsakaninsu, ni mace suka bar mini ragowa. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauke ƙafata kawai.

Da takardarki ta zo na juya bayan kalanda na ja layuka, na jera shekara shida da hannuna. Haka yake. Ni da na koya wa rabin garin nan raba sha biyu da uku! Kunya ta kama ni, Fiddausi, don na riƙe yayana a zuciya shekara uku kan abin da ɗan aji uku zai gano.

To amma malama ba ta ganin kuskure ta bar shi. Ga abin da na gwada a bayan kalandar. Sau ɗaya a shekara, a bakin azumi, gidan da Inna take ya ƙara wata guda, sannan zagaye ya ci gaba. In an yi haka, bana azumi nawa ne, baɗi na Gusau, shekara ta uku ya koma Tsafe. Ki buɗe wa abin naki ƙofa ta biyu, ta shekara, ki ga ko zai yarda da ni. Ina so in san ko ni da shi za mu yi daidai.

In ya yarda, ki nuna wa babanki da Sama'ila. Ni bakina ya yi nauyi. Kuma kada a ce mini a fara baɗi. Na ga yadda Inna ke tashi daga tabarma, ban san azumi nawa ya rage mata ba.

Gwaggonki, Hanatu

Tsafe
15 ga Sha'aban

Hiddausi 'yar boko,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Yaya da mutanen gida. Rabona da biro tun ina saurayi, in kin ga rubutun ya karkace ki karanta da haƙuri.

Na ga takardarki da jerin watannin da kika buga, na da da kuma sabon da kika ce kwana huɗu kina kokawa da shi kahin ya yi daidai da kalandar Yaya Hanatu. Kin rubuta cewa ba laihin kowa ba ne, lissahi ne. To injinki ya wanke Yaya Haliru, amma ni bai wanke ni ba. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina riƙe da watanni kamar yatsuna. Tun shekara ta ukku na lura kullum azumi wajena yake faɗowa. Na yi shiru. Ni ne auta, kuma in Inna na gidan, azumi daban yake. Ita ka dama kunun tsamiya da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa. Na ce in an tambaya in faɗi, ba wanda ya tambaya, ni kuma ban kai kaina ba. Son kai ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Bana ma na riga na gyara mata ɗaki, na sa an yi sabon daɓe. Ba zan ɓoye miki ba, raina bai so. Amma na yarda da sabon tsarin.

Sai dai abu guda. Ke da Yaya Hanatu kun yi wa injin ƙofar wata, kun yi mai ƙofar shekara. Ina ƙofar Inna? Mu ukku munka raba ta kamar buhun gero, ban tuna ranar da wani ya ce mata ina kike so ba. Ni da babanki mun yi magana. In an ga wata za mu tahi Bungudu da mota kamar kullum, mu tambaye ta. In ta ce Tsahe, to sai Yaya Hanatu ta yi haƙuri, ni ba ruwana.

Ki ci gaba da karatu. In kin ƙware ki rubuta mini wanda ka gane ƙwaro a cikin wake.

Baffanki, Sama'ila

Sabon Gari, Gusau
22 ga Sha'aban

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ga takardar Baffa na haɗo miki, ya ce ba komai ki karanta. Sabon fankshin ya yi daidai da kalandarki wata da wata, har shekara tara na gwada. Wahalar da na sha a kan layi ɗaya ce da ban matsar da shi ciki ba, don sai an ɗan matsar da layin daga gefe kwamfuta ke gane yana cikin umarnin da ke samansa.

Baba ya daɗe yana kallon jerin watannin. Ya bi layin Bungudu da yatsa har ƙasa, ya ce, “Shekara shida, Hanatu ba ta ce mini uffan ba?” Daga nan ya cire tabarau ya fita.

Gwaggo, ina jin tsoro. Na iya faɗa miki inda tsari zai kai Inna ko nan da shekara hamsin, amma abin da za ta ce ban sani ba, kuma kin san yadda take ji da autanta. Don Allah kada ki roƙe ta kafin su zo. In ta zaɓi Tsafe, kada ki sake ɗauke mana ƙafa.

'Yarki, Fiddausi

Bungudu
2 ga Ramadan

Fiddausi,

Sallama, da barka da shan ruwa. Babanki zai ba ki labari, amma na san shi, rabi zai faɗa.

Sun zo jiya da hantsi. Inna ta riga ta ɗaure kayanta tana zaune a kan akwati, kamar kowace shekara. Yaya Haliru ya durƙusa ya tambaye ta inda take son yin azumi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Yau kunka tuna ina da baki? Ni ban yi boko ba, amma tun shekara ta biyu na gane Hanatu ba ta da sallah. In na hwaɗi, ku ce na hi son wani. Sama'ila, sauke mini tabarmata daga motar ga.”

Sama'ila da kansa ya kwance igiyar. Na ba shi tsamiya da gero ya kai gida, ya karɓa yana gunaguni. Ni da babanki mun gaisa yadda ya kamata.

Ki zo ranar Juma'a da kwamfutar, ina so in ga layin nan da ake matsarwa ciki. Yanzu zan ajiye biro, Inna na kirana in miƙo mata ludayi. Ta hana ni taɓa kunun.

Gwaggonki, Hanatu