Na Ce Mata Rezo Ne Ya Ɗauke

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, Allah ya saka maka da alheri, ka ɗora mini wannan amma ka cire sunana da lambata, don akwai ƴan yankinmu a nan ciki. Don Allah shawararku nike nema a kan abu biyu. Na farko ƙarami ne, maganar wifi ce, wanda ya san harkar zai amsa mini da layi ɗaya. Na biyun shi ya sa na yi kwana huɗu ina rubutu ina sharewa. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a karatun lekol ba.

Ni mai tsaron magazan ne na wani proje, inda ake ajiye iri da shebur da diga na masu aikin gyaran fako, a wani gari tsakanin Keita da Garhanga. Ba ɗan garin ba ne ni, aiki ya kawo mu shekara uku da sunka wuce, ni da matata da ɗiyanmu biyu. Unguwar da nike haya cikin kwari take, dutse ya kare ta, rezon waya ba ya sauka sai mutum ya hau tudu, hawan da tsoho ba zai iya ba. Saboda ina aika rahoton kaya birnin Tawa duk mako, proje ya sa mini bwat ta wifi a gida, da anten a kan dogon ƙarfe bisa ɗaki. Duk unguwar, wannan ƙarfen kaɗai ke kamawa.

Yanzu an maida ni Madawa. Za mu tashi in an rufe lekol, wata uku kenan nan gaba. Amma kwantarar wifin ƙarshen watan nan take ƙarewa, proje ba zai sabunta ba, kamfani zai zo ya kwashe bwat da anten. Na je ajans ɗinsu, wato ofishin kamfanin, sunka ce su kwantarar shekara guda kawai suke yi, da sunan mutum da gidan da yake zaune, in ya tashi ya maido kaya ko ya tafi da su. Na tambayi wani mai saida kayan waya a Buza, ya ba ni ƙaramar ta aljihu in gwada, na ɗaga ta har bisa katanga, ko layi ɗaya ba ta kama ba. To tambaya ta farko, akwai wanda ya san inda ake yin ta wata uku da anten? In kuma sabuwar bwat ce, ana iya sa mata tsohon suna da tsohon kod, waya ta kama da kanta ba tare da mai ita ya san an canza ba?

Na san wasu za su ce mi ya yi zafi, wata uku mutum ya riƙa hawa tudu mana. Ba don ni ba ne.

Bayan gidana akwai wata tsohuwa, zan kira ta Inna Tsahara, ba sunanta ba ne. Ɗanta namiji guda ne ya rage mata, in ce Illa, yana aikin gini a Aljeriya. Wata damina da ya zo noma ya kawo mata babbar waya, kafin ya koma ya yi sallama a ƙofata, ya durƙusa ya roƙi in sa mata kod ɗin wifina. Na sa da hannuna. Yana dariya ya ce, "Malam, na ɗaure tsohuwata ga bangonka kamar akuya, ka riƙa leƙa ta." Tun daga ranar, kullum bayan azahar sai ta zo da ƴar tabarmarta ta zauna a inuwar bangon ɗakina ta waje, shi kuma ya kira lokacin hutunsu. Inna Tsahara ba ta yarda waya ce ke kai murya ba, da ƙarfinta take magana, kamar makogwaronta ne zai kai ta Aljeriya. Daidai lokacin nike kishingiɗa, don haka ba abin da ban sani ba, akuyar da ta haihu, wanda ya yi aure, ƙafarta da ke ciwo. Abin yana damuna amma ban taɓa cewa komi ba.

Bayan kaka da ta wuce, wata rana na ji Illa ya tambaye ta ni. Ta ce, "Malam? Shina nan lahiya lau. Mutumen kirki ne, sai dai Rabi ce mai gida, shi ɗan haya ne. In ta yi tari sai ya ce na'am." Na ji dariyar Illa ta cikin waya, na ji ta wasu mata biyu da ke zaune da ita. Abin da ya ƙarasa ni, matata Rabi tana tsakar gida tana tankaɗe, ita ma ta tuntsure da dariya. Jama'a, wannan ne duk laifin da tsohuwar nan ta yi mini. Ban tashi daga inda nike kwance ba, na jawo wayata na canza kod. Ko minti biyu bai ɗauke ni ba.

Washegari ta zo ta zauna, kira bai shigo ba. Da na fito za ni magazan ta tare ni ta ce, "Malam, mi ya samu abin naka, ko ya yi hushi?" Na ce mata rezo ne ya ɗauke, daga can sama ne, har Tawa babu. Ta ce Allah ya maido shi, har ta yi mini addu'a kada aikina ya tsaya. Kwana tara tana zuwa. Ina kallonta ta kafar ƙofa, ta ɗaga wayar sama, ta goge ta da bakin zane, ta hura mata iska, ta manna ta da bango. Kullum ta tambaye ni, kullum in maimaita mata ƙaryar. Rabi ta roƙe ni in maido kod tun ranar farko, ta ce wasa ne irin na kaka da jika, da ba ta ɗauke ni nata ba da ba ta yi ba. Munka yi faɗa, na ce mata ai maganar tsohuwar ce take son ta tabbatar, kuma in ta kuskura ta ba ta sabon kod ta haɗa kayanta. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar ta tara ba tausayi ne ya sa na maido tsohon kod ba. Gani na yi ta ji a jikinta, fushina ya huce, shi kenan.

Ina maidowa na ji wayarta ta hau ƙara ba tsayawa. Ta zagayo da sauri tana cewa in zo in gani, abin ya haukace. Na karɓa. Kira goma sha ɗaya da ba a ɗauka ba, duk na Illa, da saƙon murya guda. Ta ce in kunna mata. Ga abin da ya ce, na haddace shi kamar Fatiha:

"Inna, kwana nawa ina kira ba ki. An samu aiki can gaba, wajen haƙar zinariya cikin daji, mota za ta tashi jibi. An ce wurin ba rezo. Ni dai zuciyata ta rabu biyu. In kin ce in zamna, in zamna. In ban ji ki ba, na ɗauka kin sa mini albarka. Ki gaida Malam, ki ce ya yi wa bwat ɗinshi faɗa."

Na duba ranar da ya aiko, kwana uku da sunka wuce. Wato motar jiya ta tashi. Tsohuwar ba ta san lissafin ba, ta kama hannun rigata tana cewa in maida mishi maza, in ce kada ya tafi. Na danna mata ta yi magana, ta ce, "Illa, ban yarda ba, ka zamna inda kake, abin da kake aikowa ya ishe ni." Na aika. Ku da kuka san WhatsApp kun san alama guda, wadda ke nuna saƙo bai isa ba. Yau wata biyar, alamar nan guda ce.

Ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce yana raye. Wani ya ce an gan su a wata rijiya, wani ya ce ba motarsu ba ce. Abin da kowa ke jira shi ne dawowar ƴan cin rani kafin shuka, don akwai mutum biyu na wani ƙauye kusa da mu da anka ce tare sunka hau motar. Shi ya sa wata ukun nan. Ko ya kira, ko ya dawo, ko wani ya zo da labari, duk cikinsu ne. In anka sauke ƙarfen nan ƙarshen wata, ya samu rezo na minti biyar a wani wuri ya kira, wayar uwarsa ba za ta yi ƙara ba.

Har yau tana zuwa, amma ta daina ɗaga murya. Saƙon kawai take kunnawa, in ya ƙare ta sake. Ni kuma na kasa kishingiɗa. In ta zauna ta waje sai in tsinci kaina zaune ta ciki, bayana a jikin bangon, nata bayan a ɗaya gefen, ƙasa ce kawai tsakaninmu. Ina jin muryar yaron nan a magazan ina auna iri, ina jin ta cikin ƙarar babur, ina jin ta a sahu liman yana karatu. Wata rana da saƙon ya kai wurin "ki gaida Malam" sai na ji bakina ya ce ina amsawa, da ƙarfi, har Rabi ta leƙo. In ƙura ta rufe panon sola wuta ta yi ƙasa, tawa wayar nike bari ta mutu don kada koren fitilar bwat ta ɗauke, a wuni ina duba fitilar nan ya fi sau ashirin. Rabi ba ta taɓa yi mini gori ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ta yi, tun ranar ba ta sake amfani da wifin gidan ba. In za ta kira innarta sai ta yafa mayafi ta hau tudu cikin rana, ta wuce bwat ɗin tana kunne.

Na je Keita na tambayi malamai biyu, na ce wani abokina ne. Ɗaya ya ce hakkin mutum ba ya sauka sai ka je ka faɗa mishi abin da ka yi, ya yafe yana sane. Ɗayan ya ce in faɗin zai jawo ɓarnar da ta fi, a nemi gafara a dunƙule, a yawaita alheri. Na dawo da magana biyu, ban san wadda zan ɗauka ba, kuma ina tsoron zuciyata, don na lura ta biyun take so.

Jiya ta ji labarin tashinmu. Shekara uku ba ta taɓa wuce zaurena ba, jiya ta shigo har tsakar gida da ƙwaryar wake a hannu. Ta zauna ta ce, "Malam, an ce za ku tahi. Tsohuwa ba ta da gobe, gara mu yafi juna tun yanzu. Na hana ka barcin rana shekara biyu, bakina kuma ba ya da linzami, ka yafe mini." Na ce ba komi Inna. Ta ce, "Ni kam ba ka yi mini komi ba sai alheri. In ma akwai, wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe duniya da lahira. Kai ne ka riƙe mini igiyar ɗana." Rabi ta tashi ta shige ɗaki. Ni na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

To ga inda na tsaya. Na san halin tsohuwar nan, mace ce mai zuciya, ta taɓa yin shekara tana zuwa rijiya mai nisa don mai ta kusa ya yi mata magana. In na faɗa mata gaskiya, ko da ta yafe, ba na jin za ta sake zama a jikin bangona. Ranar da Illa zai kira ba ta nan, ni ne zan zama na yanke su karo na biyu, wannan karon da sunan tuba. In kuma na yi shiru, na ɗauki yafiyar da ta ba ni na hau mota da ita, alhali ba ta san mi ta yafe ba. Ta ce wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, amma da ta san wannan ne, za ta faɗa?

Masu sanin harkar wifi ku taimaka mini da maganar wata ukun, kwana goma sha biyu ya rage. Malamai da iyaye mata na wannan gida, ku kuma ku dubi Allah ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. In faɗa mata yanzu, ko in bari sai ƴan cin rani sun dawo? In sun dawo da shi, faɗin zai yi sauƙi. In sun dawo da rigarsa kawai, da wane baki zan gaya wa uwa cewa ɗanta ya tambaye ta, ta ce a'a, ni na hana ya ji?