Na Sa Hannu a Taron da Ban Je Ba

Hajiya Yalwa, salamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Lahadi.

Ni ɗan kasuwa ne a Gaya, bandar kifi nake saye ina turawa Dosso da Yamai. Na yi lakol har aji shida, kuma ba yabon kai ba, ba a taɓa cusa mini kwando mai ruɓaɓɓen gindi ba. Sai ga takarda guda ta kayar da ni.

Shekara huɗu ina riƙe da katin wata jam'iyya. Gaskiya na yanke shi ne don kada a ce ba ni da gefe. Komitin unguwarmu yakan yi taro a ƙofar gidan shugaba bayan La'asar, daidai lokacin da kwale-kwalen Tunuga ke isowa da kaya. Wa zai bar kifi ya je sauraron dogon Faransanci? Sai muka samu dabara ni da sakatare, Lawali. In an tashi, ya biyo rumfata da takardar sunayen mahalarta, in sa hannu, in ƙunsa masa kifi biyu, kowa ya huta. Ba ni kaɗai ba, rabin layinmu haka muke yi. Har dariya nake yi wa masu zuwa ɗumama benci.

Watan jiya Lawali ya zo da takardar kamar kullum, ina tsakiyar ciniki, na karɓi bik, wato biro, na zana. Ashe ranar ce aka tsayar da wanda unguwa za ta tura cikin jerin ƴan takarar konsaye na meri, wato kansilan majalisar gari. Mutum tara suka zauna, takarda ta nuna arba'in da ɗaya, wai duk mun zaɓi Alhaji Labo, mai kula da lodin kamiyo, manyan motocin kaya, a tasha. Wadda aka ture kuwa Zalika ce, shugabar matan banda. Ita ta koya mini sana'ar nan lokacin ba ni da komai sai baki, har yau Inna nake ce mata.

Ta kai ƙara seksiyo, wato shugabannin jam'iyya na Gaya. Ranar Lahadi za su turo wakili, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya gaban jama'a, kowa ya faɗa ko ya halarta. Sunana ne na uku.

In na ce na je, matan banda sun san inda nake ranar, don a gabansu nake zaɓen kifi. In na ce ban je ba, ga Alhaji Labo. Bai tsorata ni da baki ba. Ya dai tsaya jiya a rumfata ya tambayi lafiyar kwandunana, ya ce da zafin bana kifi ba ya jure kwana biyu a tasha. Hajiya, na gane karatun. Tun da aka rufe iyakar Najeriya, hanyar Dosso kaɗai ta rage mini. Inna kuwa da na gaishe ta, cewa ta yi ashe hannuna ya fi ƙafata zuwa taro, ta wuce.

Na yi tunanin in tsallaka gada zuwa Malanbil ta ƙasar Benin in ce jinya ta riƙe ni. Ko in yi hakan?

Mai Banda, Gaya

Mai Banda, wa alaikumus salam. Kada ka tsallaka gadar nan. Duk wanda ba ya wurin ranar Lahadi, sa hannunsa ne zai yi magana a madadinsa, kuma ka ga abin da ya riga ya faɗa.

Takardar da kake biya da kifi biyu ita ce ƙuri'arka. Daga komitin unguwa suna ke tashi ya je seksiyo, daga can ya hau jerin jam'iyya. Ranar babban zaɓe abin da aka dafa a kan bencin nan kawai za a miƙo maka. Konsayen da ya fito kuma shi zai zauna a meri ranar da ake maganar rumfuna da tasha da famfon wurin banda. Mutum tara sun yanke muku wannan ne saboda ku talatin da biyu kun bar musu benci.

Ban raina tsoronka ba, Alhaji zai iya jinkirta maka kaya. Kuma a yi masa adalci, shi yana zuwa taro, mai yiwuwa ko da an cika shi zai ci. Ba a ce ka zaɓi Inna ba, tambaya guda za a yi maka.

Yau ka zaga layinku. Ko mutum goma suka yarda su faɗi gaskiya tare da kai, ba mai kamiyon da zai bar kwandunan mutum goma su ruɓe alhali yana neman ƙuri'arsu. Gobe ka je wurin Alhaji da ƙafarka, ka gaya masa cikin ladabi abin da za ka faɗa, kada ya fara ji a bainar jama'a. Inna kuwa haƙuri za ka ba ta, ban da wayon kasuwa, ta fi ka saninsa.

In an kira sunanka, ka ce a rumfa ka sa hannu, ba ka je taron ba. Kada ka zargi kowa, har Lawali, don tare kuka ƙulla. Ka roƙi a sake zama, a jefa ƙuri'a a takarda maimakon ɗaga hannu, kowa ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi.

Daga nan kuma, in ka hango Lawali da takarda, ka bar masa bik ɗinsa, ka tambaye shi ranar taro na gaba. Kifin La'asar ɗaya a wata ba zai karya ka ba.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya ranar Lahadi, ya kai kwandunanka Dosso lafiya.

Hajiya Yalwa